Kullen korona a Makka, 2020: ta yaya za mu taimaki maƙwabta ba tare da mun tona musu asiri ba?

Maman Sadik (Shara Mansur):
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi mini haƙuri zan ɗan tsawaita, tun jiya abin nan yake cina a rai.

Yau kwana goma sha takwas da aka rufe Makka ruf saboda korona, ba fita dare da rana, tun ranar 2 ga Afrilu. Mutanen Hosh Bakar da Misfala da Nakkasa ma sun riga mu shiga, su tun ƙarshen Maris. Ga azumi saura kwana uku ko huɗu. Jiya da hantsi na sauka bagala, wato kantin unguwa, sayen madarar yara, na tarar da 'yar maƙwabciyata ta benen ƙasa, yarinyar ba ta fi shekara tara ba, ta raɓe jikin firij tana jiran mutane su ragu. Da ta ga saura ni kaɗai, sai ta matsa ta ce wa mai bagala ƙasa-ƙasa, "Umma ta ce a rubuta burodi biyu." Ya jawo daftari, ya daɗe yana kallon shafin, sannan ya miƙa mata. Bayan ta fita ya ce mini, "Ya Hajja, daftarin nan ya cika. Ni ma mai kawo mini kaya ba ya ba ni bashi."

Su bakwai ne a gidan nan, burodi biyu. Uwar aikatau take zuwa Aziziyya, uban kuma keken tsofaffi yake turawa. Tun da aka tsayar da umara a farkon Maris babu wanda ya shigo da riyal ɗaya a cikinsu. Shekara goma sha ɗaya muna hawa matakala ɗaya da matar nan, kullum muka gaisa sai "lafiya lau, alhamdulillahi." Da ban ga 'yarta ba da har yau ban sani ba.

Mu fiye da ɗari biyu ne a rukunin nan, wasunmu albashinsu yana shiga duk wata. Me za mu yi kafin a ga wata?

Alhaji Direba (Hindawiyya):
Wa alaikumus salam Hajiya. Wallahi abin da kika gani shi ne a kowane lungu. Motata tana ƙofar gida ƙura ta rufe ta, ni da nake kai fasinja Jidda sau uku a rana. Amma ni da sauƙi, ɗana yana aiki a saidaliyya, kantin magani. Akwai waɗanda ko gas ba su da shi, a wajen maƙwabta suke ɗora tukunya.

Injiniya (Riyad):
Allah Ya saka da alheri Hajiya da kika tayar da maganar. Ni shawarata a yi abin a tsare. A zaɓi mutum uku amintattu, a ba da lambar asusu ɗaya, kowa ya tura abin da ya sawwaƙa. A rubuta sunayen gidajen da za a ba, da unguwa, da yawan mutanen gida. In an kai kaya a ɗauki hoto a turo nan, don wanda ya bayar hankalinsa ya kwanta. Ni na ɗauki riyal 500 a karon farko.

Maman Sadik (Shara Mansur):
Injiniya, Allah Ya ƙara buɗi. Amma sunaye da hoto, a'a. Ban yarda ba ko kaɗan.

Injiniya (Riyad):
Hajiya, ba don tozarta kowa na faɗa ba. Shekara biyu da suka wuce a wani rukuni aka tara kuɗin aikin tiyata na wani bawan Allah, na saka nawa, har yau ba mu san inda rabin kuɗin ya shiga ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Dukiyar jama'a in ba lissafi, zumuncin ma sai ya lalace.

Maman Sadik (Shara Mansur):
Na fahimce ka ɗan'uwa, kuma gaskiyarka ne a kan lissafi. Amma bari in gaya maka su wa muke magana a kai. Mutanen da suka fi shiga uku a kullen nan su ne marasa igama, wato takardar izinin zama. Wasu a nan aka haife su, a nan aka haifi uwayensu, takarda ce dai ta gagara. Wasu kafili, mai ɗaukar nauyin zamansu, ya gudu ya bar su. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana kauce wa duk inda za a tambaye shi suna, yana kwana da fargabar tarhil, wato a kore shi daga ƙasar, kai ka zo da biro da takarda ka ce ya faɗi sunansa da lambar gidansa, za a saka a waya mutum ɗari biyu su gani? Wallahi zai ce maka ya ƙoshi, ya rufe ƙofa, ya koma ya kwana da yunwa da 'ya'yansa. Na san haka don na gwada. Makon jiya wata ƙungiyar agaji ta turo a cike suna ta waya, na kai wa mata uku, da suka ga wurin lambar igama babu wadda ta ƙara cewa uffan.

Hoto kuwa, ka dubi matar da na ba da labari. Shekara goma sha ɗaya tana rufa wa kanta asiri. In ɗauke ta riƙe da buhun shinkafa, gobe hoton ya isa Kano ko Damagaram wajen danginta da suke ganin 'yarsu tana Makka cikin rufin asiri? Yunwar wata ɗaya za ta wuce, wannan kunyar ba za ta wuce ba.

Ummu Fahad (Jarwal):
Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Yaya, kin faɗi abin da ke bakina.

Abu Yasir (Jidda, Sabil):
Akwai abin da ba wanda ya ambata, kuma ya fi hoton haɗari. Ya jama'a, a ƙasar nan tara gudummawa daga mutane ba tare da izinin hukuma ba laifi ne, ba wasa ba. In muka saka lambar asusu ɗaya kuɗi suka riƙa shiga daga Riyad da Dammam da Madina, mai asusun ne zai amsa tambaya, kuma shi baƙo ne mai igama, kun san abin da hakan ke nufi. Kada garin neman lada mu jefa wani a wahala. Wanda yake son ya bayar ta hanya mai lasisi, ga jam'iyyoyin alheri nan, ga kuma gangamin Barran bi Makka da Yarima Khalid Al-Faisal ya ƙaddamar, suna raba katan-katan na abinci.

Alhaji Direba (Hindawiyya):
Sun shigo ta wajenmu, gaskiya sun raba, Allah Ya biya su. Amma motar a bakin titi take tsayawa. Gidajen da ke can saman dutse, inda sai ka hau matakala ɗari kafin ka kai, tsohuwar da ke can kafin labari ya iske ta an gama.

Injiniya (Riyad):
Abu Yasir, ban yi tunanin wannan ba, na janye maganar asusu. To amma sai yaya? Ni ina Riyad, ba hanyar shiga Makka. Kuɗin suna hannuna.

Maman Sadik (Shara Mansur):
Tun jiya nake juya maganar mai bagalar nan. Daftarin shi ne lissafin da kake nema, Injiniya, kuma ba mu muka rubuta shi ba. Duk wanda yunwa ta kama a unguwa, sunansa yana ciki, don kafin mutum ya roƙi maƙwabci sai ya fara cin bashin bagala. Mai bagala ya fi umda, mai unguwa, sanin wanda tukunyarsa ta daina hawa wuta.

Ga abin da nake gani. Kada a tara komai a hannun kowa. Kowane mai bayarwa a haɗa shi da mutum ɗaya da ya sani kuma ya yarda da shi a cikin unguwa. Wannan ya sauka bagalarsu a lokacin da aka yarda a fita, tsakanin shida na safe da uku na rana, ya ce a buɗe daftari, ya biya wa gida ɗaya ko biyu, a soke shafin. In da ragowa a bar musu a gaba, su riƙa ɗauka. Rasit ɗin bagala shi za a tura wa mai kuɗi, shi kaɗai, ba a nan ba, kuma ba suna a jiki. Masu gidan kuwa abin da za su ji kawai shi ne, "wani ya biya." Mai bagala ya samu kuɗin sayo kaya, ƙofar bashi ta sake buɗewa, ba wanda ya taka doka, ba wanda aka kalla.

Ummu Fahad (Jarwal):
Allahu Akbar. Wannan ta yi. Sai dai a lura da mai bagalar, ba duka ne masu amana ba. A tsaya a ga ya ja layi a kan shafin da idonka.

Alhaji Direba (Hindawiyya):
Kuma a daina tunanin ɗaukar mota a tsallaka wata unguwa da kaya. Tarar karya dokar riyal 10,000 ce, in ka maimaita a ninka. Wani yaro a layinmu ya tafi kai wa gwaggonsa abinci Rusaifa, saƙon tara ya riga shi dawowa gida. Kowa ya tsaya a unguwarsa.

Ɗan Kurna (Jidda):
Ni fa ina da magana, kada a ji haushi. Kano ma an rufe ta tun 16 ga wata. Mahaifiyata tana can da ƙannena shida, ba wanda ke raba musu katan. A nan ko banza mutum ba zai mutu da yunwa ba, ƙasa ce mai arziki. Gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Ni abin da na samu can zan tura, kuma ina ganin da yawa cikinmu haka ya kamata su yi.

Ummu Fahad (Jarwal):
Ƙanina, mu da aka haifa a Jarwal ina ne gidanmu, ina ne dawa? Ni ban taɓa ganin Kano ba sai a waya. "Ba zai mutu da yunwa ba" magana ce ta wanda albashinsa ke shiga. Tallafin Sanid da ake biyan kashi 60 na albashi na 'yan ƙasa ne masu aikin kamfani. Mai sayar da gyaɗa da ƙuli a bakin masallaci, da mai gasa tsire a Shara Mansur, wa ya san da su?

Ɗan Kurna (Jidda):
Anti, ban ce ba sa cikin wahala ba. Na ce uwa ita ce gaba.

Malam na Kudai:
Assalamu alaikum. Na karanta duka, bari in sa baki kafin zance ya yi zafi.

Ɗan Kurna bai yi kuskure ba. Ciyar da mahaifiya mabuƙaciya wajibi ne a kansa, ba sadaka ba ce ma, kuma ba wanda zai ce ya bar ta ya ba wani. Ka tura mata, Allah Ya yi maka albarka. Sai dai kada ka mayar da abin da ya wajaba a kanka ya zama hukunci a kan kowa. Akwai waɗanda Allah Ya hore wa abin da zai isa can ya isa nan. Kuma haƙƙin maƙwabci ba ya faɗuwa don kana da dangi a nesa. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci zai sa shi cikin magada. Ya kuma ce wa Abu Zarri in ya dafa miya ya ƙara mata ruwa ya tuna da maƙwabtansa. Ku lura, bai ce ya ƙara nama ba. Ruwa ya ce. Wato ko marar hali yana da abin yi.

Hadisin da ya fi zauna mini a kwanakin nan shi ne na Ash'ariyyawa, mutanen Abu Musa. In guzurinsu ya ƙare a wajen yaƙi, ko abincin iyalansu ya yi ƙaranci a Madina, sai su tattara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai da mudu ɗaya. Annabi ya ce su nasa ne, shi ma nasu ne. Bene ɗaya mai gida shida zai iya yin haka ba tare da kowa ya taka titi ba.

Injiniya (Riyad):
Malam, Allah Ya ƙara ilimi. Tambaya biyu. Zakkata sai Shawwal take cika shekara, zan iya fitarwa yanzu? Kuma ya halatta a biya bashin bagala da ita, alhali mai bashin bai karɓa a hannunsa ba?

Malam na Kudai:
Ta farko: in dukiyar ta kai nisabi, a mazhabarmu ta Malikiyya an yi rangwame a gabatar da ita da ɗan lokaci kaɗan, kamar wata guda. Sauran mazhabobi uku sun faɗaɗa fiye da haka, hujjarsu izinin da Annabi ya ba baffansa Abbas ya gaggauta tasa. Tsakanin yanzu da Shawwal ba nisa, ga kuma buƙata a fili, ka fitar. Ta biyu: masu bashi suna cikin kashi takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa, kuma malamai da dama sun halatta a biya mai bin bashin kai tsaye ko da wanda ake bi bai sani ba. Sharaɗi dai ka tabbata gidan mabuƙata ne da gaske, ba mai hali da ya saba rubutawa yana biya ƙarshen wata ba. Abin da za a bari a gaba don su riƙa ɗauka, wannan a yi shi da sadaka ya fi kuɓuta.

Anti Nas (Madina):
Yanzu na sauko daga aiki, na ga saƙo ya taru. Ina goyon bayan tsarin daftari ɗari bisa ɗari, don yana rage cuɗanya. Amma ina roƙonku da girman Allah ku ƙara abu ɗaya a kan abincin, ku kai shi kowane gida: labarin cewa magani kyauta ne.

Tun 30 ga Maris Sarki Salman ya ba da umarni a yi wa kowa gwaji da maganin korona kyauta, ɗan ƙasa da mai igama da wanda igamarsa ta mutu da wanda bai taɓa yi ba. Ministan lafiya Dakta Taufik Al-Rabi'a ne ya sanar da bakinsa. Amma mutanenmu ba su yarda ba, suna ganin tarko ne. Sai mutum ya kwana biyar da zazzaɓi da busasshen tari yana shan tazargade da lemun tsami a ɗaki ɗaya da mutum takwas, ba a kawo shi sai numfashi ya sarƙe. A lokacin aikin ya yi nisa, kuma ya riga ya shafa wa tsohuwar gidan. Da idona na ga marasa takarda an kwantar da su, an yi musu magani, sun warke. Lambar ita ce 937, a kira kafin a fita. Wanda Larabcinsa bai nuna ba, a samu yaron gida ya yi masa magana.

Sannan masu ciwon suga da hawan jini. Mutum in kuɗi ya ƙare, magani yake fara dainawa kafin abinci. In kun je bagala ku leƙa saidaliyya ma. Ga azumi, mai allurar insulin kada ya yanke wa kansa hukunci, ya tambayi likita.

Maman Sadik (Shara Mansur):
Anti Nas, kin taɓo inda ke mini ciwo. A layin bayanmu an ɗauki wani magidanci a motar asibiti kwana shida da suka wuce, aka ce iyalinsa su killace kansu. Tun ranar ba wanda ya ƙwanƙwasa musu ƙofa, yara har sun sa wa gidan suna. Ni kaina na ji tsoro, ina da mai asma a ɗaki. Kwana biyu ina cewa gobe. Daren jiya na kira matar, tana ɗauka ta fashe da kuka, ta ce ni ce mutum na farko da ya kira. Ba abinci ta fara roƙo ba, cewa ta yi, "Yaya, me muka yi wa mutane?" Ya zan kai musu kaya ba tare da na ɗebo wa yarona ba?

Anti Nas (Madina):
Ki sa takunkumi, ki ajiye ledar a bakin ƙofa, ki ƙwanƙwasa, ki ja baya kamar taku uku ko huɗu, ku gaisa daga nan. Kada ki shiga, kada ki karɓo kwano, ki zuba a robar da ba sai an dawo da ita ba. Kina komawa ki wanke hannu da sabulu sosai kafin ki taɓa kowa. Shi ke nan, ba abin da zai same ki da yardar Allah. Kuma ki ci gaba da kiranta kullum, wannan ma magani ne.

Ɗan Maiwurno (Khartum):
Gaisuwa daga Sudan, ina bin ku tun safe. Mu ma an rufe Khartum tun ranar 18. Namu ya haɗu da layin burodi da layin gas da muke ciki tun kafin cutar. Abin da ya taimaka a unguwarmu shi ne samarin lijan muƙawama, wato kwamitocin gwagwarmaya na unguwanni, su suke karɓo burodi daga gidan burodi su bi gida-gida, don kada mutane su cunkushe a layi. A nan nafir ake ce wa irin wannan, gayya ke nan tamu ta gida. Shawarata ku sa samari a ciki. Suna zaune ba aikin yi, ƙafarsu ta fi taku sauri, kuma su ne za su hau dutsen da Alhaji ya ambata.

Alhaji Direba (Hindawiyya):
Haka ne. Ina da guda biyu a gida, daga barci sai waya. Gobe da safe za su hau.

Abu Yasir (Jidda, Sabil):
Wata tambaya da na san tana ran wasu. Daftarin nan ba Hausawa kaɗai ne a ciki ba. Akwai 'yan Burma, akwai Yamalawa, akwai 'yan Chadi da Habasha. Namu kawai za a zaɓa ko kuwa? Kuɗin ba su da yawa, ni ina ganin a fara da namu.

Jikar Inna (Tandubawi):
Na karanta wa kakata wannan tambayar, ta ce lallai in rubuta amsarta yadda ta faɗa. Ta haura tamanin, a Makka aka haife ta.

Ta ce: "Ki gaya wa ɗana Abu Yasir, iyayena da ƙafa suka zo daga ƙasar Haɗeja. Shekara bakwai suna hanya. Sun yi noma a Wadai, sun tsinci auduga a Jazira, sun jira jirgin ruwa a Sawakin. Babata ta ce a duk tafiyar nan ba ta taɓa kwana da yunwa a garin da ke da hayaƙi ba, kuma waɗanda suka ba su tuwo ba su jin Hausa ko kalma ɗaya. Da suka iso nan, wata Bajawa ce ta ba su inuwar da suka fara kwana. Ranar da na haifi ɗana na fari, maƙwabciyata 'yar Burma ce ta yanke cibiya. In kun buɗe daftari ku dubi wanda shafinsa ya fi tsawo da wanda ya fi yara, kada ku dubi sunan."

Abu Yasir (Jidda, Sabil):
Ki gaishe mini da Inna, ki ce ɗanta ya ji, ta sa mu a addu'a. Amma zan faɗi gaskiyar abin da ya sa na tambaya: wasu al'ummomin suna da shugabanni da tsari, nasu yana isa gare su, mu ne ba mu da kowa. Ban janye wannan ba. Sai dai na yarda, wanda ke ƙofa da ƙofa da kai ba a tsallake shi.

Malam na Kudai:
Wannan gyaran ya isa. Wanda yake unguwar shi ya san inda ɗaki ke yoyo, a bar masa zaɓi.

Maman Sadik (Shara Mansur):
Barkanmu da shan ruwa, yau uku ga wata. Na ga an sassauta wa sauran garuruwa daga tara na safe zuwa biyar na yamma, mu Makka an ce mu ci gaba da zama. Har yanzu in ladan ya ce a yi salla a gida sai na ji wani abu ya tsaya mini a wuya. Bara war haka muna shimfiɗa ledar buɗa-baki a harabar Harami, bana tarawihi a talabijin muke kallo, sahu ba kowa sai ma'aikata.

Ga inda aka kwana, ba suna. A bagalarmu an soke shafi tara. Ummu Fahad ta ce shida a Jarwal. Samarin Alhaji sun hau dutse da buhu huɗu da tulun gas biyu. Injiniya, rasit ɗinka yana wayarka. Gidan da aka killace an sallamo maigidan shekaranjiya, da ƙafarsa ya hau bene.

A benenmu mun bi maganar Malam. Gida shida ne, kowace rana gida biyu ke girki da yawa, yara su ajiye a ƙofofi kafin magariba. Na sa maƙwabciyata ta ƙasa a cikin jerin masu girki, na ce mata ba wanda ya kai ta iya kunun gyaɗa, kuma gaskiya na faɗa. Kayan ni nake saukar mata da su da safe a matsayin kason benen. Jiya 'yarta ce ta kawo mana namu, tana ta murna tana cewa Ummanta ce ta dama.

Ɗan Kurna (Jidda):
Jama'a ku sa Kano a addu'a, labarin mace-macen da ke zuwa daga can ba daɗi, dattawa ne ke ta tafiya. Hajiyarmu lafiya lau, na tura mata. Ya rage mini riyal 80. Akwai wani tsoho mai gadi a layinmu, tun da aka fara azumi ban ga ya kunna wuta ba. Da safe zan leƙa bagalarmu in ji ko yana da shafi.

Ummu Fahad (Jarwal):
Allah Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, Ya ba marasa lafiya lafiya. Ƙanina, in ba shi da shafi ka sa a buɗe masa.

Wa ke kusa da Tandubawi? Akwai mai jego, kwana huɗu da haihuwa, mijin yana Ta'if kulle ya rutsa da shi. Madarar jariri lamba ɗaya da kunzugu ake nema, da wadda za ta riƙa kiranta da dare.

Jikar Inna (Tandubawi):
Anti, layi biyu ne tsakaninmu da saidaliyya. Turo mini kwatancen gidan ta gefe, shida na safe zan fita. Inna ta ce kiran dare kuma a bar mata.